TAFKI BA MASAI BA NE

Duk wanda ya zauna a Badun ya san tafkin Eleyele. An same shi ne a 1942, sa'ad da aka datse kogin Ona domin a ba gari ruwan famfo. A wancan zamani daji ne ke kewaye da shi. Yau kuwa gidaje sun yi masa zobe, daga Apete zuwa Awotan da Ijokodo, kuma galibinsu ba su da babbar magudana mai kai ƙazamin ruwa wurin tacewa. Abin da ya fito daga makewayi da wurin wanki, lambatu yake bi, ruwan sama ya kora shi gangare.

Kogi yakan wuce da abin da aka zuba masa, amma tafki ajiyewa yake yi. A cikin ruwan bayan gida da na wanki akwai sinadaran nan biyu na takin zamani, wato naitirojin da fosfaros. Idan suka taru, sai gansakuka da kainuwa su rufe ruwan. In sun mutu sun ruɓe, sai su cinye iskar da kifi ke rayuwa da ita. Ga kuma ƙwayoyin kwalara da na taifot.

Mutanen Siyatil ta ƙasar Amurka sun ɗanɗana wannan a tafkin Washinton. Cikin shekarun 1950 garuruwan da ke bakinsa suna da ma'aikatun tace ruwa wajen goma, amma duk da haka tafkin ya yi ta gurɓacewa, saboda tacewar ba ta fid da fosfaros. A 1958 suka jefa ƙuri'a suka kafa hukuma guda. Daga 1963 zuwa 1968 aka juya ruwan nan duka zuwa teku, kuma cikin 'yan shekaru tafkin ya washe. Ashe tacewa kaɗai ba ta isa ba, sai an dubi inda ruwan zai ƙare.

To, Badun ba ta da teku, ƙaramar unguwa kuma ba ta iya sayen injin da zai tsaya da zarar an ɗauke wuta. Amma Allah Ya ba mu rana. Ana iya haƙa kududdufai uku a jere. A na fari, mai zurfi, dauɗa ke kwantawa. A na biyu rana da gansakuka ke cinye saura. A na uku, marar zurfi, ƙwayoyin cuta ke mutuwa. Bayan 'yan makonni ruwan ya isa a shayar da itatuwa da ciyawar dabbobi, takin da zai kashe tafki ya zama abincin shuka. Sharaɗin shi ne a yi su nesa da gaɓa, a kange su saboda yara, a riƙa nome ciyawar bakinsu saboda sauro, a kuma kwashe laka in ta taru.

Na san wani zai ce mu baƙi ne, gobe za mu koma gida, me ya kai mu? Ɗan'uwa, Sabon Badun tun 1916 aka kafa shi, kuma jikokin waɗanda suka ce gobe za su koma suna nan. Ban da haka, da yawa daga cikinmu da ruwa muke cin abinci: ɗan ga-ruwa, da mahauci, da mai shayi, da mai wankin mota. Ran da annoba ta ɓulla, sana'armu za a fara rufewa, mu kuma za a fara nuna wa yatsa.

Saboda haka muna roƙon ƙananan hukumomi su keɓe filin kududdufan nan tun kafin gini ya cinye shi, su kuma hana haƙa masai kusa da ruwa, a bar aƙalla mita 30 tsakani. Sarakunan Hausawa da shugabannin mahauta su zauna da masu gari, a sa kuɗin kulawa a kan kowane gida da kowace rumfa, mu kuma mu riga kowa biya. Jinin mayanka da tumbi a tara su daban, kada su bi lambatu.

Masu magana sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya sha ruwan gari, haƙƙin ruwan yana wuyansa. Allah Ya sa mu gane.