Baƙon Kare a Gidan Karnuka

Karen bulldog, wanda a Ingila ake haɗa shi faɗa da bijimai kafin doka ta haramta wasan a 1835, yana da gajeren hanci da ƙuntatacciyar hanyar numfashi, shi ya sa haki ke saurin kama shi, zafi kuma ke galabaitar da shi. Saboda haka duk wanda ya karɓi irin wannan kare daga hannun tsohon mai shi, alhali gidansa cike yake da karnuka masu guje-guje, kuskure ne ya bar shi ya yi tsere da su. Ya kamata a fara haɗa su a wajen gida, a raba musu kwanon abinci, sannan a ba baƙon makonni ya saba, domin gaggawa ce ke haifar da cizo.