Minti 45 a kan keken da aka kafe

Makon jiya na fara shiga ajin tuƙa keke na cikin ɗaki, na mata zalla, a wani gidan motsa jiki a Kano. Kafin a kunna kiɗa, mai koyarwar ta zo ta ɗaga min sirdi daidai ƙuguna, ta nuna min abin murɗawa da ke ƙara wa feda nauyi. "Anti, in numfashi ya gaza ki sassauta, kada ki biye wa kowa," in ji ta. Ba a yi minti goma ba gumi ya jiƙa min ɗankwali, cinyoyina suka ɗau zafi. Rabona da keke tun ina firamare, domin a garin nan mace ba ta hawa keke a titi ba tare da an bi ta da ido ba, shi ya sa nake ganin ajin nan ya fi yi mana amfani. Wani ɗan tseren keke ɗan asalin Afirka ta Kudu, Johnny G, ya ƙirƙiro salon a Amurka, ga shi yau ya iso mana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ajin nan kuwa zai taimaka wajen cika su. Sai dai ina roƙon masu gidajen nan su ware ajin sababbin shiga. Wadda ta takura kanta ranar farko tsokarta na iya lalacewa har ta taɓa ƙoda. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi, a garzaya asibiti.