KALLO YA KOMA ƊAKI: Falon fim da ɗakin amaryar Haɗeja

Duk mai kallon finafinan Hausa, tun zamanin kaset har zuwa shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina, ya san falon nan: kafet daga bango zuwa bango, labule mai kauri ya rufe taga ruf, kujeru ɓul-ɓul kamar za su haɗiye mutum, ga dibaida cike da tangaran. Jaruma ta zauna ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, budurwa a gida tana kallo tana cewa, "Wallahi irin wannan za a yi mini!"

To amma fa akasari gidan na aro ne ko na haya. Furodusa ya kama shi kwana biyu ko uku don lokeshin, ana gama ɗauka kowa ya watse. Babu jarumar da ta yi damina a ciki. Amaryar Haɗeja kuwa, wadda iyayenta suka sayar da buhunan shinkafa ko suka ci bashi don a yi mata irin wannan jere, ita ce za ta zauna da shi rani da damina.

Haɗeja gari ne na bakin kogi. Ruwan da ke fitowa daga dam ɗin Tiga da na Challawa a Jihar Kano ta nan yake bi ya nufi Nguru. Ambaliyar 2012 da 2018 da 2020 da 2022 ta shiga gidaje a Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan yankin. Gado da kabet na zamani yawanci da katakon MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam. Ruwa na taɓa shi sai ya kumbura ya ruguje, babu kafintan da zai iya ceto shi. Kafet kuwa ko ba ambaliya yana shan danshi ya yi fumfuna, da hunturu ya tara ƙura, mai asma da jariri su sha wahala.

Saboda haka ɗakin da ya dace da wannan ƙasa daban ne. Gadon ƙarfe mai dogayen ƙafafu, irin na iyaye, ruwa bai cika yi masa komai ba, kuma yana da wurin rataya gidan sauro, wanda a ƙasar fadama ya fi kowane labule amfani. A ƙasa, siminti ko tayil da tabarmar kaba sun wadatar: a naɗe, a kakkaɓe, a shanya, kuma kuɗin ya shiga aljihun masaƙan yankin. Soket ɗin lantarki a ɗaga shi sama. Takardun makaranta da kayan lefe su hau kanta maimakon ƙarƙashin gado.

Sai batun zafi. A watan Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40. Ɗaki mai tagogi biyu da ke fuskantar juna, an sa musu raga, iska na ratsa shi ko babu wuta. Silin a ƙarƙashin kwano da farin fenti suna rage ɗumi sosai. Janareta kuma wurinsa can waje, nesa da taga, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci. Haka ma gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi.

Ko firji ma akwai na gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya: a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, tumatir da alayyahu su yi kwanaki ba su lalace ba. Duniya ta yaba, amma da wuya a gan ta a kicin ɗin fim.

Nan ne 'yan fim ke da aiki. Ɗinkin da jaruma ta sa, kafin sati ya zagayo tela ya fara karɓar odarsa. Ranar da darakta ya zaunar da babbar tauraruwa a ɗaki mai tsabta da iska, da tabarma mai ado da gidan sauro, ta fito a matar da ta san ciwon kanta, 'yan mata da yawa za su sake lissafi, iyaye kuma su samu sauƙin bashi. Allah Ya sa furodusoshi su ji.