Gadon Jariri Ya Zo Ba Noti: Wa Zai Ɗauki Alhaki?

Shekarun baya, idan magidanci yana son gadon jariri, wurin kafintan unguwa yake zuwa, su yi ciniki, a kawo masa gado a haɗe. In ƙafa ɗaya ta yi rawa, ya san shagon da zai koma. Yanzu kuwa a manyan kantuna na Legas, Abuja da Kano, yawancin gadajen jarirai a kwali ake sayar da su, katako daban, sanduna daban, ga kuma wata 'yar jaka ta noti da ƙusoshi, sai mai saye ya kai gida ya haɗa da kansa. Kamfani ya rage wa kansa kuɗin haɗi da na dako, ya ɗora aikin a wuyan mai saye. To, wannan ba laifi ba ne muddin kayan sun cika. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka buɗe kwali, aka ƙirga, aka tarar noti biyu babu.

Daga nan ne wahala take farawa. Mai kanti zai ce shi ba ya buɗe kwali, yadda aka kawo masa haka ya sayar, a nemi kamfani. Lambar wayar da ke jikin takardar kamfani kuwa, ko dai ta wata ƙasa ce, ko a yi ta bugawa ba mai ɗauka. In an yi sa'a wani ya amsa, sai ya nemi lambar kaya, da hoton rasit, da hoton kwalin da wataƙila an riga an yar, sa'an nan ya ce a jira mako shida. Mako shida, alhali kuwa mai jego ta dawo daga asibiti, ana shirin suna rana ta bakwai. Jariri ba ya jiran amsar kamfani.

Abin da magidanci yake yi a irin wannan hali sananne ne. Zai kira kafinta ya buga ƙusa ko wace iri ce, ko ya ɗaure wurin da waya ko igiya, a ce ai ya yi. Ba wanda zai ga laifinsa, domin ya biya kuɗinsa kuma an bar shi da kayan da ba su cika ba. Amma nan ne haɗarin yake, kuma shi ya sa bai kamata a ɗauki maganar noti guda ƙaramar magana ba. Kujera in ta karye, babba ne zai faɗi ya tashi ya kakkaɓe riga. Gadon jariri in gefensa ya saki, rata ce take buɗewa tsakanin katifa da sanduna, jikin yaro ya zurma, kansa ya maƙale, kuma ba shi da ƙarfin fid da kansa, sau da yawa ma ba ya iya kuka.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A Amurka, hukumar da ke lura da lafiyar kayan masarufi ta ƙirga jarirai aƙalla 32 da suka rasu tsakanin 2000 da 2010 a gadaje masu gefen da ake saukewa a ɗaga. Galibi abin da ya jawo haka shi ne ƙarfen riƙo ya karye, ko ya ɓace, ko an haɗa gadon ba daidai ba, ko an yi masa gyaran gida. A 2011 aka hana ƙera irin wannan gado da sayar da shi a ƙasar baki ɗaya. Ƙa'idarsu kuma ita ce kada tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ta wuce kimanin santimita 6, kada kuma ratar da ke tsakanin katifa da jikin gado ta ɗauki fiye da yatsu biyu. Wanda ya ga ana lissafi da yatsa da santimita, ya san ba a yi gadon don a cike shi da ƙusar kasuwa ba.

A Nijeriya ma ba doka ce babu ba. Tun 1971 aka kafa hukumar kula da ingancin kaya, watau SON. A 1992 aka yi dokar da ta kafa majalisar kare haƙƙin masu saye, a 2019 kuma aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye ikon mayar da kayan da ba su cika ko ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba, cikin wata 3, a gyara masa, ko a sake masa, ko a ba shi kuɗinsa. Saboda haka rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, bai isa ya shafe haƙƙin kowa ba. Sai dai mutum nawa ne suka san haka? Masu kantuna sun sani sarai, kuma sun san abokin cinikinsu bai sani ba.

Gaskiyar magana, bai dace a riƙa tura uban jariri ya yi ta rigima da kamfanin da ke bayan teku ba. Wanda ya karɓi kuɗi shi ne ya kamata ya amsa tambaya. In mai kanti yana da ƙorafi, ya kai wa dilan da ya shigo da kayan, shi kuma ya kai wa masu ƙerawa, tun da su suka san hanyar juna. Duk ɗan kasuwan da zai iya shigo da gado ɗari a kwantena, zai iya ajiye jakar noti goma a shagonsa, kuɗinsu bai kai na gado ɗaya ba. Kamfanonin da suka san ciwon kansu a wasu ƙasashe kyauta suke aika wa mai saye abin da ya ɓace, ba don alheri ba, don sun san abin da zai biyo baya in yaro ya ji rauni. Ya kamata SON ta sa wannan cikin sharuɗɗan shigo da kayan jarirai: ba a sayar da gado sai da adireshi da lambar waya a cikin ƙasar nan, da kuma kayan canji a ajiye.

Kafin a kai ga haka, magidanci ya nemi a buɗe kwali a gabansa, a ƙirga kome da kome bisa takardar da ke ciki tun bai biya ba, ya karɓi rasit mai kwanan wata, ya kuma adana kwalin har a gama haɗi. In an kai gida aka ga wani abu babu, kada a kwantar da yaro a kai ko na dare ɗaya. A shimfiɗa masa katifa mai tauri a ƙasa cikin gidan sauro, a mayar da gadon kanti, in mai kanti ya ƙi karɓa a rubuta ƙara zuwa FCCPC a haɗa da rasit ɗin.