Takardar Neman Aiki Ita Ce Dillalinka A Nan

Jama'ar zango na Sedgefield da kewaye, ina so in ja hankalinku ga wata takarda wadda muka raina, alhali kuwa ita ke hana da yawa daga cikinmu samun aikin da ya dace da su. Watau takardar tarihin aiki, wadda a gida ake ce mata CV, Amurkawa kuwa suna kiranta rezume.

A zamanin kakanninmu, in fatake sun sauka Salga ko Kumasi neman goro, baƙo ba ya yabon kansa. Maigidan da ya sauke shi ne zai tsaya masa, ya ce wane amintacce ne, a ba shi kaya. Da wannan hali muka tashi, kuma hali ne mai kyau. Amma fa a nan Greensboro manajan da zai ɗauke ka bai san ubanka ba, bai taɓa jin sunan Sarkin Zango ba. Takardar nan ita ce maigidanka, ita ce dillalinka. In ta yi kunya, ba mai yi maka magana.

Kwanan baya wani yaronmu ya kawo mini tasa, ya ce ya aika wurare da yawa, ko amsa babu. Na duba, sai ga shafi huɗu. Ga hoto, ga ranar haihuwa, ga garin haihuwa, ga addini, ga aure da 'ya'ya uku, har da firamaren da ya yi. Aikin da ya yi shekara shida a wani babban sito kuwa, layi ɗaya tak ya ba shi: lebura. Na ce masa, me kake yi a can? Ashe shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, shi ke koya wa sababbin zuwa aiki, shi ke shigar da lissafin kaya cikin kwamfuta. Na ce, don me ba ka rubuta ba? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai sai ya zama fariya."

To, wannan ba fariya ba ce, shaida ce. Mu kan cika takarda da abin da aka haife mu da shi, mu ɓoye abin da hannunmu ya yi, su kuwa masu ɗaukar aiki akasin haka suke nema.

Fara da sharewa. Cire hoto, cire shekaru, cire addini da ƙabila da maganar aure. Dokar 1964 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launi, ko addini, ko jinsi, ko ƙasar asali, ta 1967 kuma ta kāre wanda ya kai shekara 40. Saboda haka kamfanoni ba su son ganin waɗannan abubuwa tun farko, don kada a zarge su. Lambar Social Security kuwa, kada ka kuskura ka sa ta. Takardun izinin aiki sai an ɗauke ka za a tambaye ka su. In ka gama sharewa, shafi ɗaya ya ishe ka, biyu ga wanda ya daɗe yana aiki.

Sa'an nan ka jera ayyukanka, na yanzu a sama, na dā a ƙasa, kowanne da wata da shekara. Ƙarƙashin kowanne ka faɗi abin da ka yi, da adadi in akwai: mutum nawa ka koya wa aiki, tsofaffi nawa kike kula da su a dare guda, shekara nawa kana tuƙi ba haɗari. Mata, ku ma ina nufinku. Wadda ta riƙe shagon kitso tana biyan haya, tana sayen kaya, tana sallamar ma'aikata, ai kasuwanci ta gudanar, ta rubuta haka nan. Kada ku manta harsuna. Mai jin Hausa da Faransanci da Zabarmanci ko Asantanci, asibitoci da makarantu da kotuna suna bukatar tafinta, mu kuwa mun ɗauki wannan baiwa kamar ruwan rijiya.

Ku lura kuma garin ya sake. Masaƙar White Oak ta kamfanin Cone, wadda ta ciyar da gidaje fiye da shekara ɗari, an rufe ta ƙarshen 2017. Yanzu idon masu neman aiki yana wajen filin jirgin sama, inda FedEx da Honda Aircraft suke, da kuma Liberty, inda masana'antar batir ta Toyota ta fara aiki a 2025. Irin waɗannan wurare ta intanet ake nema, kuma sau da yawa na'ura ce ke fara tace takardu kafin ɗan Adam ya gani. Dabarar ba wuya. Karanta tallar aikin da kyau, in sun ambaci wani abu da ka iya, ka rubuta shi da kalmar da suka kira shi da ita. Watau kowane aiki da ɗan gyaransa, ba takarda ɗaya za ka yi ta rabawa kamar goron biki ba. Abin da ba ka iya ba kuwa, bar shi. Ana bincike, kuma ranar farko a bakin inji asiri ke tonuwa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa masu kā da mutum. Suna: yau Mahamadou, gobe Mohammed, jibi Muhammadu. Tsaya ga wanda ke kan katin shaidarka. Adireshin imel ya zama sunanka ne, ba laƙabin da abokai ke tsokanarka da shi ba. Wayarka kuma a iya barin saƙo a kanta, ka riƙa saurare. Wanda za ka ba da sunansa don shaida ya zama tsohon shugabanka ne ko malaminka, ba kawunka ba, kuma ka nemi yardarsa tukuna.

Mai satifiket daga Gana, ko Nijar, ko Nijeriya, akwai hukumomi irin su WES masu auna ta da ta nan, amma da kuɗi, don haka fara tambaya ko aikin na bukata. In kuwa takardarka ta tsufa ba sabon abu a ciki, kwalejin GTCC tana nan Jamestown, maƙwabtanmu, tana koyar da Turanci da sana'o'i, har da gyaran jirgin sama.

Wanda ba shi da kwamfuta ya tafi laburaren gari, ko ofishin NCWorks, inda ake duba wa mutum takardarsa kyauta. Ni dai na ce wa yaron nan ya mai da shafi huɗun nan ɗaya, ya ba 'yarsa ta sakandare ta duba masa Turancin, kana ya dawo mu karanta tare.