Kyautar da Ba Ta Kai Ƙofar Gida Ba

Daga Illela zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, tafiyar wajen kilomita 80 ce. Ga dillalin shanu na kasuwar Illela, wannan ba komai ba ne. Ga matar ƙaramin manomi da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare a ƙauye, tafiyar na nufin kuɗin mota, da sayar da akuya a wulaƙance, da jiran gari ya waye. Ciwo ɗaya ne, makoma biyu. Tazarar nan ce gwamnatoci ke cewa suna son rufewa, kuma kalmar da suka fi so ita ce "kyauta".

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu ga inda kalmar ke tuntuɓe. Tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni. A 2006 Jamhuriyar Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin asibiti, bayan ta yi haka ga masu haihuwa ta hanyar tiyata. Iyaye mata suka yi tururuwa, shaidar cewa kuɗi ne ya tsare su a gida tun farko, ba jahilcin da ake yawan jingina musu ba. Sai dai tsarin ya ce asibiti ya yi aiki tukuna, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya yi ta jinkiri, bashi ya taru, magani ya ƙare a ƙananan asibitoci, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je kemis. Mai hali ya saya. Marar hali ya koma wajen mai tallan ƙwayoyi a kasuwa.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya, tare da asusu na musamman don marasa galihu. Manufofi ne masu kyau. Amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyaci yake fitowa, kuma inshora ta fi saurin riskar mai albashi, wanda ake iya cire masa daga tushe, fiye da manomin da dukiyarsa ke cikin rumbu.

A ganina, darasi mafi amfani yana cikin wani aiki da ba a cika yi masa biki ba: rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba wa ƙananan yara duk wata a lokacin damina. Ba kati, ba kuɗin kabu-kabu, ba neman izinin fita. Ɗan dillali da ɗan mai ga-ruwa, rabonsu ɗaya.

Ba a yin tiyata a zaure, na sani. Amma awon ciki, da gwajin tamowa, da motar ɗaukar mai naƙuda wadda ke da mai a tankinta, duk ana iya kai su kusa. Kuma ya kamata kuɗin kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ya iso kafin damina ta sauka, a liƙa adadinsa a bango da Hausa, da boko da ajami, yadda mai unguwa zai iya tambaya ina aka kai shi.