Ɗanka ne, zaɓin makarantarsa ma naka ne

Iyayenmu maza da mata na Zangon Kwatano, da 'yan uwanmu masu safara tsakanin Seme da Malanbil.

Babu magidancin unguwar nan da bai san lissafin watan Satumba ba. Kuɗin kaki, kuɗin littattafai, kuɗin malamin allo, kuɗin islamiyya. Yaro ya tashi da asuba ya yi tilawa, ya sa kaki ya tafi lakwal, da yamma ya dawo ya ɗauki allo, idonsa na rufewa don gajiya. Uban da ya ce bari ya haɗa wa ɗansa karatun biyu wuri guda, sai ya kai shi makarantar faranko-arab mai zaman kanta, ya biya komai daga aljihunsa. Harajin kanti yana biya, kuɗin kwastan yana biya, amma ranar da ya zaɓa wa ɗansa makarantar da ta dace da tarbiyyar gidansa, sai gwamnati ta naɗe hannu. Wannan takarda a kan haka take.

Abin da tsarin mulki ya ce

Ba alfarma muke roƙo ba. Tsarin mulkin ƙasar nan na 11 ga Disamba 1990 ya yi magana a fili. Sashe na 13 ya wajabta karatun firamare, ya ɗora wa gwamnati mayar da makarantunta kyauta sannu a hankali. Sashe na 14 ya yarda ƙungiyoyin addini su sa hannu a ilimin yara, ya yarda a buɗe makarantu masu zaman kansu, na addini ko waɗanda ba na addini ba, da izinin gwamnati da sa idonta. Sannan ya ƙara da cewa waɗannan makarantu suna iya samun tallafin gwamnati bisa sharuɗɗan da doka za ta tsara.

Waɗanda suka rubuta wannan sashe sun san abin da suke gudu. A 1974 mulkin Kereku ya karɓe makarantun mishan ya ce gwamnati kaɗai za ta karantar. Sai bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 1990 aka buɗe ƙofa kuma. Yau sama da shekara 35 ke nan. Ku je ku tambayi mai makarantar da 'ya'yanku ke ciki, sefa nawa baitulmali ya ba shi bara don albashin malamai ko gyaran aji. Amsar da ya ba ku, ku riƙe ta har ranar zaɓe.

Zaɓin da ba kuɗi a bayansa, zaɓin mai hali ne. Manyan da ke tsara mana manufar ilimi suna da zaɓi, su kai 'ya'yansu duk inda suka ga dama, a nan ko a Faransa. Mai turin kaya a Dantokpa da mai sayar da goro a bakin masallacin Zango, su an bar musu zaɓi a takarda ne kawai.

Ba mu hana wa mai gaskiya gaskiyarsa

A 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, 'ya'yan talakawa suka cika azuzuwa. A 2017 gwamnatin Patrice Talon ta faɗaɗa ciyar da yara a makarantu tare da Hukumar Abinci ta Duniya. Abu ne mai kyau, ba mu musu. To amma tukunyar a makarantun gwamnati ake ɗora ta. Yaron da ke madarasa shi ma ɗan ƙasa ne, cikinsa ma yana jin yunwa da tsakar rana. Laifin me ya yi da ba shi da rabo?

Haka dokar kare yara ta 2015 ta haramta sa yaro bara. Mun yarda, bara ba karatu ba ne, kuma babu uban kirki da ke son ganin ɗansa da kwano a titi. Amma doka ta zo da bulala a hannun dama, hannun hagu wayam. Malamin allo a Jugu ko Kandi ko Malanbil mai almajiri talatin, an ce kada su yi bara, me aka ba shi ya ciyar da su?

Makarantar gwamnatin ma fa?

Wani zai ce to ku kai su ta gwamnati mana, ai kyauta ce. Mu duba wanda ke tsaye gaban allo. Tun 2019 gwamnati ta cika azuzuwa da malaman da ake kira AME, waɗanda ba a tabbatar da su a aiki ba. Da farko albashin wata 9 ake ba su a shekara, su nemi na hutu inda suka sani. Sai da suka shekara da shekaru suna kuka kafin a cika musu 12. Kafin nan, a 2018, an yi dokar da ta taƙaita yajin aiki zuwa kwana 10 kacal a shekara. An rage wa malami abinci, an kuma ɗaure masa baki. Wanda hankalinsa ke kan kuɗin haya, yaya zai natsu ya koya wa ɗanka lissafi?

Maƙwabta sun riga mu

Za su ce ƙasar nan ba ruwanta da addini, don haka kuɗin gwamnati ba ya shiga makarantar da ake koyar da Larabci da Alƙur'ani. Ku da kuke tsallaka iyaka kun fi kowa sanin wannan hujja ba ta da ƙafa. A Nijar, tun 1957 aka buɗe madarasa a garin Say, kuma har yau gwamnati ce ke riƙe da makarantun faranko-arab masu yawa, tana biyan malamansu, tana shirya musu jarrabawa. A Senegal gwamnati na shirya jarrabawar BAC ta Larabci. Kodebuwa ta tantance makarantun islamiyya ta shigar da waɗanda suka cika sharaɗi cikin tsarin ilimin ƙasa. Senegal da Kodebuwa duka tsarin mulkinsu ya raba addini da gwamnati, irin namu sak, kuma sama ba ta faɗo ba.

Kuma wannan magana ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Sashe na 14 ɗin nan shi ne ke kare makarantar Katolika da ta Furotesta. Maƙwabcinka Bafon ko Bayarabe da ke biyan kuɗin makarantar coci, ciwonku ɗaya.

Abin da wakilanmu za su kai majalisa

Na ɗaya, doka bayyananniya kan tallafin da sashe na 14 ya ambata: duk makarantar da ta samu izini, take koyar da manhajar ƙasa, take kai yara jarrabawar CEP da BEPC, ta samu kaso gwargwadon yawan ɗalibanta, a kuma buga lissafin kowa ya gani.

Na biyu, gwamnati ta buɗe nata makarantun faranko-arab a inda iyaye suka nema.

Na uku, abincin makaranta ya bi yaro duk inda yake karatu, har makarantar allon da ta yi rajista ta yarda a koyar da Faransanci da lissafi.

Na huɗu, kada a sauya abin da ake koya wa yara sai an zauna da ƙungiyoyin iyaye tukuna.

Na biyar, a tabbatar da malaman AME a aiki.

Mu kuma mun yarda da sufeto, mun yarda a duba littafin kuɗi. Makarantar da ke dukan yara ko cin kuɗin iyaye, a rufe ta, ko ta wane ce.

Ranar 11 ga Janairu 2026

Mun san kasuwa ba daɗi. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, gadar Malanbil da Gaya kuma a 2023 kaya suka daina wucewa yadda aka saba. Wani zai ce ina ni ina barin kaya in bi layin zaɓe. Ɗan uwa, ka tuna 2019, da aka yi majalisa babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta. A 2023 da kuka fito, adawa ta samu kujera 28 cikin 109. Ganin haka, a 2024 suka sauya dokar zaɓe: jam'iyyar da ta tsaya da ƙafarta sai ta samu kashi 20 cikin 100 a kowace ɗaya daga mazaɓu 24 kafin a ba ta kujera. Ma'ana, idan Zango ta zauna gida, ƙuri'ar ɗan uwanka na Faraku ma tana iya tashi a banza.

Yaron da ya shiga aji ɗaya bana, da dokokin wannan majalisa zai yi karatunsa. Alhaji, idan kana hanya ka dawo kafin ranar. Hajiya, ki duba sunanki da rumfarki tun yanzu, ki tafi da maƙwabciyarki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ku zaɓi adawa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani.